Shekarar da Faifaina Ya Ji Dakan Ƙaiƙayi

Bana ma ruwa ya yi mana rowa. Hadari sai ya taso daga gabas da la'asar, ya yi baƙi kamar da gaske, kowa ya kwashe shanyarsa, sai iska ta zo ta wuce da shi ta bar mu da zufa. Shekaranjiya ina zaune a shagona a Isa ina kallon irin wannan hadarin, wani malamin makaranta ya kawo kwamfuta in sa mata ma'ajiya irin ta yanzu, wadda babu abin da ke juyawa a cikinta. Na ɗora ta a tafin hannu, ba nauyi, ba motsi, ba ƙara. Ko a bayan babur ka ɗaure ta har Bafarawa, ba ruwanta da gargada. Abu ne mai kyau, ban ƙi ba. Amma kurma ce, ba ta jin kome. Sai na tuna da wani tsohon faifai da na taɓa mallaka, mai jin abin da kunnuwan unguwa guda suka kasa ji.

Shekarar da ta biyo bayan fara ce. Daminar da ta gabata ta ɗauke da wuri gero yana cikin fidda kai, abin da ya tsira kuma fara ta sauka a kansa. Mahaifina a Turba, mutumin da kan cika rumbu ya yi tsibi a waje, a amalanke guda ya kwaso abin da gonarsa ta ba shi. Ya raba mana, ya aiko mini da rabona tare da saƙon cewa in gaya wa matata Balki ta riƙa awo da hankali, don babu na biyu.

Lokacin ban daɗe da dawowa daga Kano ba, inda na koyi gyaran kwamfuta bayan na gama makaranta a Sakkwato. Na buɗe shago ina ɗaukar hoto, ina buga takardu, ina juye wa'azi da bidiyon biki a kan sidi. Mutane suka laƙaba mini Injiniya, ni kuwa ban hana su ba. Shagon asalinsa ɗaki ne na gidan Baba Arzika, aka fasa masa ƙofa ta waje aka toshe ta ciki. Daɓen siminti ɗaya ne ya ratsa ta ƙarƙashin bangon har rumfar da matarsa, Inna Tumba, take daka.

Baba Arzika manomi ne kuma mai shanu. Tsofaffi suna cewa a babbar yunwar da aka yi muna yara, gidansa ne ya riƙe unguwar nan. Inna Tumba kuwa doguwar tsohuwa ce mai kaifin baki, ba ta ɗaukar wargi, kuma har lokacin ba ta yarda a kai mata hatsi inji ba, wai tuwon inji warin ƙarfe yake. Turminta ne na farko a unguwa da hantsi, shi ne na farko bayan azahar. Da ciyawa ta ƙare a daji, Baba Arzika da babban ɗansa suka kora shanu kudu, suka bar ta da surukarta mai goyo da jikoki. Ba wanda ya damu da su. Wa zai damu da gidan da ake zuwa roƙo?

Bazarar ta zo da zafin da ban taɓa gani ba. Da hantsi kwanon rufi ya fara ƙara, da azahar in ka taka ƙasa ba takalmi sai ka yi rawa. Rijiyoyi suka ja baya, mata suna kwana a bakinsu da tulu. A kasuwa tunkiya ta zama abin tausayi, mai ita yana roƙon a saya, hatsi kuwa sai kallo. Mutanen ƙetaren iyaka suna shigowa ta Burkusuma da jakuna da babura suna neman ko tiya ɗaya. A gidana muka koma tuwo sau ɗaya, da dare, da rana kuma Balki ta dama kunu tsararo ta kwaɗa tafasa ko rama da ɗan ƙuli. Biki ya ɗauke. Aikina ya koma hoton katin shaida na samarin da za su tafi ci-rani, sai ɗan juyen wa'azi ga direbobi.

Saboda zafin nan na buɗe cikin kwamfutata na ciro faifan ajiyarta, wanda muke ce wa had-dis, na kwantar da shi a kan siminti da wayoyinsa a jone, don nan ne kaɗai wuri mai ɗan sanyi a shagon. Tsoho ne, na hannu na saye shi, amma na san halinsa kamar yadda makiyayi ya san saniyarsa.

Bari in faɗi yadda abin yake, don wanda bai sani ba zai ɗauka akwatin ƙarfe ne kawai. A ciki akwai faifai mai sheƙi yana juyawa da gudun da ido ba ya kamawa. A kansa akwai layuka a kewaye, sirara ƙwarai, gashin kai ma ƙato ne a kansu, kuma a jere suke dab da juna. Akwai hannu siriri mai ɗan kai a bakinsa, muna ce masa allura ko da yake ba ya taɓa faifan, a kan iska yake shawagi. Aikin allurar nan ta tsaya a tsakiyar layi ɗaya ta karanta ko ta rubuta. To yaya za ta san tana tsakiya? Tun daga masana'anta an bi kowane layi an sa masa alamomi a tsakanin rubutu. Duk alamar da ta wuce ta ƙarƙashinta, allurar za ta auna ko ta karkata dama ko hagu, da kuma yawan karkatar, sai a tura wa wani naɗin waya da ke tsakanin maganaɗisu ɗan lantarki daidai gwargwado, ya mayar da hannun tsakiya. Haka take yi ba hutawa, tana kaucewa ana mayar da ita. In girgiza mai laushi ce, tana binta ta gyara, ba ka ma sani ba. In bugu ne mai kaifi, wanda ya fi saurin gyaranta, sai ta ɗauke wuta don kada ta yi ɓarna a layin maƙwabta, ta jira zagaye ya dawo. In ta ɓace gaba ɗaya, ta koma baki ta sake neman hanya, a nan ne za ka ji ƙas. Wannan ɗan aikin ne ya sa na ƙaunaci sana'ar, har yau kuwa in na tuna shi sai in ji daɗi.

Tun da na kwantar da faifan a ƙasa, Inna tana dakanta, shi yana aikinsa, ba su taɓa saɓawa ba. Sai bayan ruwan farko. An yi shuka, ta tsiro, rana ta buɗe ta ƙone ta ƙurmus, aka zauna jiran wani ruwan da ɗan irin da ya rage. A tsakanin nan ne faifaina ya fara tuntuɓe. Ina cikin juye wa'azi sai in ji ƙas, ƙas, aikin ya tsaya, sidi ya lalace. Na jefar da na farko, na jefar da na biyu, raina ya ɓaci.

Na zargi zafi, na yi masa fifita har hannuna ya gaji. Na zargi janareta, na ja shi can tsallaken hanya na ɗora a kan tsohuwar taya. Na canza waya. Na bincike faifan tun daga farko har ƙarshe da yamma liƙis, ya wuce sumul babu tabo ko ɗaya. Washegari da hantsi, ƙas. A nan na tsaya na yi shiru na saurara, sai na ji ƙas ɗin yana tafiya tare da taɓaryar Inna. Ta ɗaga, shiru. Ta sauke, ƙas. Ta tafi hutawa, faifai ya miƙe.

Abin ya ɗaure mini kai. Turmin nan dai shi ne, tsohuwar ita ce, simintin shi ne. A kunne kuma dakan bai canza ba, dum, dum, irin na turmi mai hatsi. Da na koma gida na ba Balki labari, ta dube ni ta ce, “Injiniya, yunwa ta taɓa ma kai? Ni da kunnena nika jin dakan Inna kullum. Daka na sosai. Kowa unguwag ga da shi shika kwantar da hankali.”

Na ce, “Ara min turminki gobe.”

“Turmina? Ka kai shi ina?”

“Shago.”

Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce lallai sai ta bi ni ta ga ranar da boko zai yi surfe.

Washegari bayan Inna ta gama dakan hantsi, muka garo turmin muka shiga da shi muka tura ƙofa. Na sa faifai aiki. Balki ta zuba geron tuwonmu na ranar, ta ɗauki taɓarya, don ni da na gwada sau ɗaya kusan in fasa ƙafata. Ta yi ta bugu, dum, dum. Faifai ko gezau. Na ce ta juye ta buga wayam. Ta buga, ƙarar ta cika shagon, kwal, kwal, faifai ya yi ƙas nan take.

Na ce, “Kin gani?”

Ta ce, “Mi nig gani? Wanga ko kurma ya san turmi wayam na. Inna ba haka nata ka yi ba.”

Gaskiyarta. Na zauna a kan benci ina share zufa. Ita kuma tana kallon cikin turmin, sai na ga dariyar ta bar fuskarta. Ta yafa gyale ta fita. Da ta dawo, ƙaiƙayi ne cike da ƙwarya, irin wanda muke ajiye wa akuya. Ta ce kakarta ta taɓa ba su labarin matan da ke yin haka a zamanin yunwa. Ta zuba, ta danna, ta ɗaga taɓarya.

Dum. Sak dakan Inna. Kunne ba zai taɓa rabewa ba. Amma ƙaiƙayi ba shi da jiki, yana rufe ƙara ne kawai, taɓaryar tana ratsa shi ta sami gindin turmi, bugun ya bi siminti. Faifaina ya ce ƙas. Ta sake, ya sake.

Ashe ƙaiƙayi Inna take dakawa, ba hatsi ba. Na fara lissafin tun yaushe faifan nan yake tuntuɓe, sai na bari, don abin ya fi ƙarfin zuciyata. Bango ɗaya ne tsakanina da mai goyo da ƙananan yara, ni kuwa ina nan ina jin haushin sidi.

Na miƙe na ce yanzu za ni gida in ɗauko rabin abin da mahaifina ya aiko. Balki ta tare ƙofa.

“Ka ɗauki buhu ka ratsa unguwa ka kai ma Inna Tumba? Gaban jama'a? Kashe ta kaka son yi? Zamna. Wanga ba aikin maza ba na.”

Dabararta ita ce ta je da safe da gero a ƙwarya, ta ce turminta ya tsage saboda zafi, tana roƙon aron na Inna, in ta gama kuma ta manta da rabi. Na ce dabara ta yi. Muka bar turmin a shago don kada ƙarya ta tonu.

Da safe ta shiga. Ban daɗe da buɗe shago ba ta leƙo ta ce Inna tana kirana a zaure. Na same ta zaune a kan tabarma, ta miƙe ƙafa, ƙwaryar Balki a gabanta ba a taɓa ba. Na daɗe ban gan ta ido da ido ba. Wuyanta ya zama kamar kara, awarwaron hannunta ya zame har gwiwar hannu. Amma idon nan yana nan yadda na san shi. Na durƙusa na gaishe ta.

“Lahiya lau,” in ji ta. “Matarka ta zo min da ƙarya, na ce ta aje ta bakin ƙohwa. Turmin da yat tsage, shi na nij ji jiya cikin shagonka? Na ji na hatsi, na ji na wayam, na ji na ukku. Da nij ji na ukku nis san an gama da ni. Wa yag gaya maka?”

Na ce, “Ba kowa, Inna. Na'urata ta.”

“Ƙarhen ga naka?”

Na yi mata bayani iya yadda zan iya, allura da layi da gyaran hanya. Ta saurara har ƙarshe, ba ta katse ni ba. Sannan ta ce, “Ashe munahuki nika kwana da shi bayan bango.”

Balki ta kasa riƙe dariya, ga hawaye a idonta. Daga baya ta gaya mini abin da ta gani a ciki. Rumbunan gidan a share tas. Tukunyar dilo, 'ya'yan itacen hanza da ake ci a lokacin yunwa, a jiƙe a bayan ɗaki, ana ta canza mata ruwa don ɗaci ya fita. Surukar tana kwance, nono ya ƙafe, jaririn ko kuka ba ya iya yi sosai. Hatsin gidan kuwa ba ɓata ya yi ba. Duk wanda ya yi sallama tun daga kaka, na gari da na ƙetare, Inna ta auna masa, har ta kai ga ƙasan rumbu.

Na ce, “Inna, don mi ba ki hwaɗi ba?”

Ta dube ni kamar na yi tambayar yara. “In hwaɗa ma wa? Kai ba ka ga gidajen da anka rufe ba? Waɗanda sunka rage, turmina suka saurare. Suna cewa tunda Tumba na daka, gari bai ƙare ba. Randa sunka ji shiru, ɗaure kaya za su yi. In ruwa ya zo, wa za shi shuka?”

Na ce to ko don jaririn, ta karɓi wannan.

Ta jawo ƙwaryar ta sa hannu a cikin geron, ta daɗe tana juya shi. “Sadaka dai ba ni amsa, ban iya ba, kuma na tsuhwa da koyo. Amma ba mu kaɗai muka cikin halin ga ba. Ni na san turamen da sunka yi shiru, ina ƙirga su kullum. Balki, bi gida gida ki ce ni nic ce, daga gobe dakan unguwa gidana za a yi shi. Kowace ta zo da ƙwarya ruhe da zane. Ta shiga ɗakina ita kaɗai ta juye cikin randa ta hito. Mai tiya ta juye tiya, mai tahi ta juye tahi, wadda ba ta da kome ta juye iska. Kak kowa ya leƙa ƙwaryar kowa. In an dama, kowace ta ɗiba da yawan bakin gidanta.”

Haka aka yi. Washegari na zauna a ƙofar shago ina ganin mata suna shiga, kowace da ƙwarya a lulluɓe, kowace tana tafiya kamar ta ɗauko kaya mai nauyi. Har yau ban san wadda ta kawo da wadda ba ta kawo ba, Balki ma ba ta sani ba. Wata ranar randar ta yi kirki a yi tuwo, wata ranar sai kunu da garin rogo da ganye. Ba a ƙoshi ba, kada in yi ƙarya. Akwai ranakun da na miƙe daga benci na ga duhu. Amma hayaƙi bai daina tashi daga gidan ba, kuma ludayin farko na surukar Inna ne, wannan matan ne suka yanke ba ita ba.

Aikina kuwa na hantsi ya mutu. Taɓare uku, wani lokaci huɗu, suna lugude a kan siminti ɗaya, ba allurar da za ta iya tsayawa a layi. Na nemo katifar soso zan ɗora faifan a kai, sai kuma zafi ya dame shi. Na haƙura. In na ji sun fara sai in kashe janareta, in ɗauki fartanya. Da ruwa ya dawo, mu mazan da muka rage muka yi gayya muka sake shuka, gona bayan gona, har da ta Baba Arzika da ba ya nan. Muna noma ciki ba nauyi, gumi yana shiga ido, in rana ta take mu kwanta a ƙarƙashin gawo mu jira kunun unguwa. A layinmu ba a ƙara rufe gida ko ɗaya ba, kuma ba a fitar da gawa daga gidan Inna ba. Ina faɗin wannan da alfahari, ban ɓoye ba.

Ruwan ya riƙe har gero ya yi ido. Muka ci tumu a gona muna ƙona yatsu, manya da mu, ba kunya. Da aka fara yanka, mata suka koma turamensu ɗaya bayan ɗaya, gidan Inna ya koma shiru irin na da.

Wata safiya ina goge tebur sai na ji ana buga bango da taɓarya, sannan muryarta ta biyo ta saman katanga.

“Injiniya! Tada munahukin ga naka.”

Na ja janareta, na kwantar da faifai a kan siminti, na sa sabon sidi, na ce mata na shirya. Ta fara. Dum, dum, dum, ita kaɗai, a hankali, da ƙarfin da ya rage mata. Na tsuguna na kai kunnena kusa da faifan. Ba abin da nake ji sai ƙarar juyawarsa. Juyen ya tafi, ya kai rabi, ya kai ƙarshe, sidi ya fito lafiya.

Taɓarya ta tsaya.

“To? Mi yac ce? Mi ac cikin turmi?”

Na ɗaga murya na ce, “Hatsi na, Inna.”

“Gaya mai na gonata na,” in ji ta, ta ci gaba da dakanta.